Kafin ku tura yara su haɗa Linux da Windows a laftof ɗaya, ku faɗa musu wannan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Na karanta rubutun nan da kuka buga kwanaki inda marubucin yake ba matasa shawara cewa tunda Microsoft sun daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma yawancin laftof ɗinmu na hannu ba sa ɗaukar Windows 11, to kowa ya raba faifan ajiyarsa biyu ya sa Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, a gefe ɗaya ya bar Windows a ɗaya gefen. Shawara ce mai kyau wallahi, ni kaina haka nake aiki shekara da shekaru. Amma akwai wani rami a tsakiyar hanyar nan da bai ambata ba ko da layi ɗaya, kuma ni na faɗa cikinsa har wuya, shi ya sa na ce bari in rubuto ko wani zai tsira.

Ni sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walima, ina da ɗan shago a nan Jos wajen titin Bauchi, muna kuma ɗan taɓa buga takardu da furojek na ɗalibai idan kasuwar biki ta yi sanyi. Laftof ɗina kashi uku na yi masa, Windows a gefe saboda manhajar da nake haɗa bidiyo da ita, Linux a gefe saboda filash ɗin kwastomomi da suke zuwa cike da bairos, sai kashi na uku babba wanda Windows take kira D, nan ne rumbun kowa, duk wanda na kunna a cikinsu yana shiga ya ajiye ya ɗauka. To wannan rumbun na tarayya shi ne maganar.

Wata Asabar mun dawo daga wani biki a Rikkos wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ga sanyin Jos na Disamba kun san shi ba sai na faɗa ba, yatsu ma ba sa lanƙwasuwa, ga kuma ɗaurin aure da safe a Bukuru wanda dole da memori ɗin kamara guda biyun nan za mu je. Na ce wa yaron shagona ya juye aikin a D ta Linux kafin mu kwanta. Can sai ya ce min, Oga ya ƙi fa, folda ma ya ƙi buɗe sabuwa, wurin liƙawa ya yi fari ba ya dannuwa. Na leƙa na ga faifan ya buɗu, ana ganin komai a ciki, amma ya ƙi karɓar ko da ƙwayar fayil ɗaya. Maimakon in tsaya in tambayi kaina me ya sa, sai na ɗauki waya na bincika, na samu wani yana cewa ka rubuta ntfsfix, wani umarnin gyaran faifai a Linux, kawai an wuce wurin. Na rubuta. Ya buɗe kuwa. Har yaron yana cewa kai Oga kai injiniya ne. Muka juye kusan giga sittin, na buɗe bidiyo biyu na gani suna tafiya lafiya, muka yi wa memori fomat a kamara muka kwanta.

Ranar Litinin na kunna Windows zan fara haɗa aiki. Babu foldar. Ba wai ta lalace ba, babu ita sam kamar ba a taɓa yin ta ba. Ban gane girman abin ba sai na ci gaba da wani aikin daban na wajen awa biyu ina ajiyewa a D ɗin, wanda daga baya na gane shi ne ya ƙarasa kashe ni. Da na sake kunnawa sai ga baƙin allo da farin rubutu yana ƙirga kashi cikin ɗari wai yana duba faifai, da ya gama sai na tarar da wata ɓoyayyiyar folda mai suna found.000 da tarkacen fayiloli a ciki masu ƙarewa da chk, ba suna ba tsari. Edita, a sanyin nan gumi na yi.

Laifin ba na Windows ba ne kuma ba na Linux ba ne, nawa ne, don Linux ta gargaɗe ni na taka gargaɗin. Ga abin da ya faru kamar yadda na fahimta daga baya bayan na sha karatu dole. Kowane faifai yana da tsarin da ake rubuta wane fayil ne yake zaune a wane wuri, kamar littafin mai unguwa na filaye, fili kaza na wane ne, daga nan zuwa nan, wancan kuma babu kowa a kai. Na Windows sunansa NTFS, tun 1993 suke amfani da shi. Na Linux yawanci ext4, na kwamfutocin Apple kuma APFS tun 2017. Shi kuma abin da ake kira direba a nan ba mai tuƙa mota ba ne, wata 'yar manhaja ce da take karanta littafin nan ta kuma yi rubutu a ciki, kamar tafinta ne tsakanin kwamfuta da faifai. To tun daga Windows 8 da ta fito a 2012 aka kawo wani abu wai shi Fast Startup, kuma a kunne yake zuwa ba sai ka kunna ba. Idan ka danna Shut down kana zaton ka kashe kwamfuta, alhali ba ta mutu ba, ta dai kwashe abin da yake ƙwaƙwalwarta ta zuba a wani fayil mai suna hiberfil.sys ta yi barci, don gobe ta tashi da sauri. Cikin abin da ta kwanta da shi har da yadda ta san littafin filayen nan. Wato mai unguwa ya tafi barci da kwafin littafi a aljihu. Kai kuma ka zo da wani mai unguwar cikin dare ya yanka maka filaye ya rubuta, gari ya waye na farko ya tashi ya ciro nasa na aljihu, a wurinsa filayen nan har yanzu babu kowa a kai, sai ya ci gaba da rabawa wasu. Fili ɗaya mutum biyu. Bidiyon kamun amarya yana ƙasa, aikin da na yi na awa biyu ya hau kansa ya yi gini.

Direban Linux ya san da wannan, shi ya sa idan ya ga alamar cewa Windows ba ta rufe faifan da kyau ba sai ya ce zan bar ka ka karanta amma ba zan rubuta ba. Wannan ƙin da ya yi ba lalacewa ba ce, hankali ne. Shi kuma ntfsfix da na yi amfani da shi, su kansu masu shi sun rubuta a bayaninsa cewa shi ba chkdsk ba ne, wato manhajar Windows mai duba faifai ta gyara shi, ƙananan gyare-gyare kawai yake yi ya share littafin lura na faifan, inda ake rubuta aikin da za a yi kafin a yi, ya bar wa Windows saƙo ta duba da kanta. Ni kuwa na mayar da shi mabuɗin fasa ƙofa. Garin neman gira na rasa ido.

Abin da ya cece ni rabi da rabi shi ne memori ɗin kamara. Ɗaya mun cika shi da bikin Bukuru, wannan ya tafi sai haƙuri. Ɗayan kuma kaɗan muka taɓa, kuma fomat ɗin da kamara take yi na sauri littafin kawai yake gogewa ba ya bin filayen ɗaya bayan ɗaya, sai na sa masa PhotoRec, manhaja ce kyauta da take bin faifai tana tsinto fayiloli ta kamanninsu. Ta kwana tana aiki a kan janareto, man da na ƙona ban ma son tunawa. Ta dawo min da wunin biki kusan duka da hotuna, sunaye duk sun koma lambobi sai da na buɗe ɗaya ɗaya, amma kamu da shigowar amarya wurin dina ba su dawo ba, wasu sun buɗe su tsaya a tsakiya. Zuwa gidan uwar amarya shi ne abu mafi nauyi da na taɓa yi a sana'ar nan. Na durƙusa na ce Hajiya a yi haƙuri an samu matsala a na'ura, ta dube ni ta ce ɗan nan, na'ura ce ta karɓi kuɗina ko kai? Ban da amsa. Na mayar da rabin kuɗi, muka bi ƙawayen amarya muna roƙon abin da suka ɗauka a waya muka cike gurbi da shi, har yau idan na hango ta a Terminus canza hanya nake yi.

Maganin abin kuma ko minti biyu bai kai ba, wannan ne yake ƙona min rai. Ka shiga Control Panel, Power Options, wurin da aka ce Choose what the power buttons do, ka danna shuɗin rubutun sama da zai ba ka damar canzawa, ka cire alamar da take kan Turn on fast startup, shi ke nan. Ko ka buɗe baƙin allon umarni, wato Command Prompt, a matsayin mai gida (administrator) ka rubuta powercfg /h off, wannan zai kashe shi tare da dogon barcin gaba ɗaya. In kuma kana sauri ne ka riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down, ko ka yi Restart ka shiga Linux daga nan, su waɗannan kashewa ce ta gaskiya. Kuma a riƙa leƙawa bayan babban sabuntawa don wani lokaci saitin yana komawa yadda yake. In faifai ya riga ya ƙi, to ka mayar da shi gidansu, ka kunna Windows ta yi masa chkdsk /f da kanta ka kashe ta da kyau sannan ka dawo. Faifan NTFS Windows ce take gyara shi, na ext4 Linux, na Apple kuma a kai wa Mac. Kowa ya yi wa ɗansa wanka.

Kuma a yi wa mutanen Linux adalci, Microsoft ba su taɓa buɗe cikakken sirrin NTFS ba, mutane ne suka zauna suna lalube suna gwadawa har suka gano yadda yake. NTFS-3G da yawancinmu muka saba da shi ya fito ne wajen 2006, yana da aminci amma yana da ɗan nawa a manyan fayiloli. A 2021 aka shigar da wani sabo mai suna ntfs3 na kamfanin Paragon cikin zuciyar Linux ta 5.15, ya fi sauri, sai dai shi idan ya ga faifai da alamar datti ya kan ƙi buɗewa ne gaba ɗaya ya watso maka wani dogon turanci da zai sa ka ɗauka faifan ya mutu. Ɗalibai nawa suka zo min da ido ja a kan wannan, faifan waje ne kawai aka fizge ba a sallame shi ba, minti biyar a Windows ya warke.

Ɗaya ɓangaren ma ya fi muni. Windows ba ta jin yaren ext4 ko kaɗan, idan ka soka mata faifan da aka tsara a Linux sai ta ce wai sai ka yi masa fomat kafin ka yi amfani da shi, ga maɓallin nan a gabanka yana kiran hannu. Mutumin da bai sani ba zai ce ai kwamfuta ce ta ce, ya danna. Wata yarinya 'yar ajin ƙarshe ta zo min da irin wannan, yayanta ya ba ta faifai da furojek ɗinta a ciki, ta kai wani shagon gyara a cikin gari, mai shagon ko tambaya bai yi ba ya danna mata ya ce yanzu ya dawo sabo. Sabo kuwa, fes, babi huɗu sun tafi. Wannan ɗabi'ar ta wasu masu gyaranmu ta ishe ni, komai fomat, ciwon kai fomat ciwon ciki fomat. Ba duka ba, akwai ƙwararru a garin nan da nake cire wa hula, amma wasu in ka cire musu fomat da sauya Windows to aiki ya ƙare. Akwai kuma masu sa wata tsohuwar manhaja Ext2Fsd don Windows ta shiga ɓangaren Linux, alhali mai ita da kansa ya yi gargaɗi cewa tsofaffin fitowarta suna iya lalata ext4 na zamani. In dole sai ka leƙa to ka leƙa da ido kawai, karatu ban da rubutu.

Sai masu Mac, abokan sana'armu da suka ɗan samu kuɗi. Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai sai ka sa mata direba daban. Sau nawa ana aiko min yaro daga Rayfield da faifai a ce in zuba aiki, in zuba, can a kira ni a ce Malam faifanka a kulle yake mun kasa mayar da wanda muka gyara. Ba a kulle yake ba. Kuma idan faifai ya je hannun mai Mac ya dawo za ka ga wasu ƙananan fayiloli masu farawa da ɗigo da ƙaramin layi, kowane fayil da inuwarsa, da wani .DS_Store, mutane su ce bairos ne su tayar da hankali, nan kuwa ɗan bayanin da Mac take ajiyewa ne kawai ba ya cutar da kowa.

To wane tsari ne kowa yake ji? FAT32 kowa yana ji, har rediyon mota da talabijin da 'yar sifikar da ake sa karatu da wa'azi a kasuwa, amma tsoho ne tun 1996, fayil ɗaya ba ya wuce giga 4. Za ka ga filash da sarari giga ashirin amma bidiyon giga biyar ya ƙi shiga yana cewa ya yi girma, kwastoma ya ce ka sayar masa da jabu. Sai exFAT da ya zo a 2006, shi babu wannan iyakar, Windows da Mac duk suna rubutu a kai, Microsoft sun buɗe bayaninsa a 2019 ya shiga Linux sosai daga 5.4 zuwa 5.7, kuma shi ne yake zuwa a manyan memori na kamara da suka wuce giga 32. Ni shi nake sa wa duk faifan da zai yi yawo tsakanin shaguna. Amma fa ba shi da littafin lura irin na NTFS da ext4, wato wurin da ake fara rubuta zan yi kaza kafin a yi, don in abu ya katse a san inda aka tsaya. A ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, ga batirin laftof na hannu da ba ya riƙe minti goma, ga bakin caja da sai an tokare shi da takarda, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Don haka exFAT motar haya ce a wurina, a hau a sauka, ba a kwana a ciki.

Fizge filash ma haka. A Linux layin kwafi yana iya cikawa ya ce ya gama alhali rabin kayan suna ƙwaƙwalwa ba su sauka ba, sai ka danna cirewa ka jira ya ce to yanzu. Yarona sai da na yi masa doka, hannunka ya taɓa filash kafin saƙon nan ya fito to kuɗin abincin ranar ya tafi.

Wani ƙaramin abu da ya taɓa cin min yini guda shi ne suna. Linux tana barinka ka sa wa fayil kusan duk sunan da ka ga dama, Windows kuma ba ta yarda da alamar tambaya ko ɗigo biyu ko tauraro a suna ba. Wani malami ya kawo karatuttukansa na azumi in tsara masa, na riƙa sa suna irin Tafsiri: rana ta 3, a Linux lafiya lau, da aka kai Windows fayil yana nan ana ganinsa amma ba ya buɗuwa ba ya goguwa ba ya karɓar sabon suna, sai da na koma Linux na cire ɗigon. Haka Biki da babban baƙi da biki da ƙarami, a Linux abu biyu ne, a Windows abu ɗaya. Haruffanmu masu lanƙwasa dai irin ƙ da ɗ da ɓ ban taɓa samun matsala da su ba a NTFS ko exFAT, a sa su ba tsoro. Af, har agogo ma rigima suke yi a kai, ka fito daga Linux ka shiga Windows ka ga ta koma baya da awa ɗaya cif, don Linux tana ajiye agogon na'ura a lokacin duniya, Windows kuma tana ɗaukarsa lokacin gida, mu kuma awa ɗaya muke gaba. Na taɓa zama ina jiran La'asar ashe har an idar.

Wanda kuma laftof ɗinsa ya zo da BitLocker a kunne, wato makullin da Windows take kulle faifai da shi, ya nemo mabuɗinsa mai lamba 48 ya rubuta a takarda kafin ya taɓa rabon faifai, in ba haka ba wata rana shuɗin allo zai tare shi yana tambaya.

Roƙona gare ku Edita, ku ce wa marubucin nan ya dawo ya yi kashi na biyu, ya nuna wurin kashe Fast Startup da hoto, da Hausa, don yaran da suke karanta ku a Unguwar Rogo da Gangare da Dilimi da yawansu laftof ɗaya ne a gidan gaba ɗaya, a ciki furojek ɗin yaya yake da hotunan auren anti da lissafin shagon baba. Masu taron koyar da Linux kyauta a makarantu su ma dan Allah kar a sallami yaro da sabuwar manhaja ba a kashe masa wannan saitin ba. In kuna so ni zan ɗauki hotunan allon ɗaya bayan ɗaya in turo muku, ba sai an biya ni ba. Yanzu dai memori ɗin kamara na ƙaro guda huɗu, kuma ba na yi wa ko ɗaya fomat sai aikin ya zauna a faifai biyu daban, na kuma buɗe shi a Windows na gani da idona.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Mai ɗaukar bidiyon biki, titin Bauchi, Jos.